Ƙaryar da Muka Yi wa Likita

Yayana bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ko goro sai ranar suna. Shi ya sa da wani farin tabo ya fito masa a gefen harshe, shekarar da taki ya gagari kowa a ƙauyenmu na wajen Tsanyawa, muka ce zafi ne. Da wurin ya kumbura, Inna, mahaifiyarmu, ta kira wanzami ya yi masa sakiya. Wayyo Allah, har yau ina jin ƙaurin nan! Kafin a yanke gero, ko kunu da ƙyar yake haɗiyewa.

Muka sayar da gyaɗar iri, muka kai shi asibiti a Kano. Likitar ta yanki ɗan nama ta aika gwaji. Da muka koma ta ce ciwon daji ne. Ta yi mana bayani dalla-dalla: masu bincike sun gano ciwon yana farawa ne idan ƙwayoyin halittar da ke cikin naman baki suka lalace. Galibi taba ke lalata su, amma akwai 'yan tsirarun gidajen da ake gadon raunin.

Ta ce, "Inna, akwai wanda ya taɓa yin irinsa a gidanku? In akwai, sai mu riƙa duba sauran tun da wuri."

"Babu," in ji Inna, ta take mini ƙafa.

Babu? Baba fa da tsumma ɗaure a haɓa ya rasu saboda ciwon baki, ni nake wanke tsumman! Amma a wajenmu, gidan da aka ce yana da ciwon gado ba mai zuwa neman aure. Na bar ƙaryar ta wuce, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

A mota na kasa daurewa. "Haba Inna, surutun mutane ya fi rai?"

Ta ce in rufa mata asiri, tana da jikoki mata.

Likitar ta riga ta ce an makara, sai maganin rage zafi. Ba a yi wata biyu ba magana ta ɗauke wa yayana. Wata rana da hantsi ya yafito babbar 'yarsa, ya buɗe bakinta da yatsu biyu, ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya kafe ni da ido.

Washegari na kwashi yaransa huɗu sai tasha, ko sallama ban yi wa Inna ba. Muna layin ganin likita aka kira ni a waya cewa ya cika. Ban juya ba. Na share hawaye, na jira aka zo kanmu.