Kujerar da Ta Daina Jin Kawu

Shekara ashirin da uku Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya yi yana tuƙa motar ɗaga kaya a sito. Shi ya kai ni koyon aikin wayar lantarki, shi kuma ya tsaya mini har aka ɗauke ni a wurin. Mutum ne mai jiki da son tsokana. Ya sha cewa ranar da ya bar aiki sai kujerar motar nan ta yi sadaka.

A ƙarƙashin kujerar akwai ɗan makunni. Nauyin direba ne ke danne shi, da zarar ya tashi ko ya faɗo sai injin ya mutu, don kada mota ta tafi ita kaɗai ta taka mutane.

Kwatsam motar ta fara mutuwa a tsakiyar aiki, musamman in ta hau gargadar bakin ƙofa. Manaja, wanda bai san batir ba balle fis, ya ba ni kwana uku: ko dai waya ce, ko direba ne ya tsufa. Na kwance kujera, na kankare tsatsar soket, na bi waya taku-taku da mita ko ɓera ya ci. Na sake makunnin. Komai lafiya lau. Na hau da kaina na yi ta zagaye sito, ko tari ba ta yi ba. Kawu na hawa, ta mutu.

Sai a lokacin na dube shi da kyau. Riga biyu ya sa, ga sabbin hudoji uku a bel ɗinsa. Wata nawa muna gaisawa kullum, ni da nake taƙama da ido, sai kujera ce ta riga ni ganin ya rame.

“Kawu, tun yaushe?”

“Bar wannan. Ka haɗe wayoyin makunnin biyu kawai ta daina mutuwa, ɗana. Minti ɗaya ne, ni ma na sani.”

“Jiri na ɗibarka?”

Ya kau da kai. “Wani lokaci.”

“In ka faɗo tana tafiya fa? Ga masu dako a gabanka.”

“Ƙannenka biyar ne a gida,” ya ce a hankali.

Ban haɗe ba. A takardar manaja na rubuta gaskiya, cewa babu matsala a waya. Kafin mako ya ƙare an sallame shi, aka miƙa masa agogon bango da godiya a baki. Shekara ashirin da uku, agogon bango! Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban san da wa nake fushi ba, manaja ko kaina.

Yanzu yana kwance a ɗaki, matarsa na yin wankau. Bai taɓa yi mini gori ba, da ma ya zage ni na huta. In na durƙusa gaishe shi, tambayarsa ɗaya ce.

“Motar ta daina mutuwa?”

“Ta daina, Kawu.”

“Madalla. Ka iya aikinka.”