Mai Juya Ƙwan Uwar Tsaki

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka, Uwar Tsaki kowa ya sani. Kajinta irin na zamani ne, sun iya saka ƙwai, kwanci kuwa sai dai a nemi wani. Mijinta, mai gyaran rediyo, shi ya haɗa mata akwatin katako a ɗakin ajiya: ƙwan lantarki a sama, buntu a ƙasa, ɗan kwanon ruwa a gefe, ga tsohon batirin mota saboda ɗauke wuta.

Tun suna da ƙarfinsu suka raba aikin. Ita ke ɗora ƙwai a kuncinta ta ji ko zafin ya yi daidai. Juyi kuwa nasa ne, don ƙwan da ba a juyawa ɗan tsakonsa mannewa yake da ɓawo ya mutu. Yakan ɗiga wa kowane ƙwai gawayi a gefe guda, da safe ɗigon na sama, da yamma yana ƙasa. Yana juyawa yana yi musu fito, shi ya sa in 'yan tsakin suka ƙyanƙyashe, shi suke bi. Da ƙafar hagu yake ɗingishi, in ya tsaya jan ta, su ma su tsaya. Takan ce ita da wahala, shi da 'ya'ya.

Bayan rasuwarsa ta zuba sabbin ƙwai, don shirun gidan ya ishe ta. Ta ɗiga gawayi da safe. Da yamma ta je juyawa, ta tarar an riga ta. Washegari ma haka. Tsoro ya kama ta, amma ba tsoron da ke sa mutum gudu ba.

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa 'yarta, ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta yarda da abin da ma'auni bai nuna ba. Sai ga ta da jaka.

"Mama, ke kike juyawa ki manta. Yau ƙwai ne, gobe risho za ki bari a kunne. Ki haɗa kayanki mu tafi."

"Ni da gidan nan sai dai a ɗauke ni a kwance."

"To, mu gwada. In mantuwa ce, za ki bi ni?"

Uwar ta ce za ta bi. Amma in ta bar gidan, ta bar mijinta ke nan.

'Yar ta duba ɗigon da idonta, ta kulle ɗakin, ta jefa makulli a aljihu. Wuni guda suka yi a tsakar gida, uwar ko banɗaki za ta, ana biye da ita. Da rana ta yi sanyi suka buɗe. Ɗigo duk ya koma ƙasa.

"Akwai wani makullin," in ji 'yar. Ta zauna har ranar ƙyanƙyasa, jakar na jingine a bakin ƙofa.

Da hantsi, bayan gashin 'yan tsakin ya bushe, Uwar Tsaki ta sauke su ƙasa, ta watsa tsaki tana kira. Ko kallonta ba su yi ba. Suka jeru suka nufi tsakar gida, ba kowa a gabansu. Su ɗan ruga, su tsaya cak, kamar masu jiran wani ya jawo ƙafa, su sake rugawa. Haka har gindin kujerarsa ta gyaran rediyo. Nan suka kwanta, suka kewaye wani ɗan fili, daidai faɗin ƙafafu biyu.

'Yar ta riƙe hannun uwar.

"Mama," ta ce a hankali, "Baba..."

"Kai jakar nan ciki," in ji Uwar Tsaki, tana share ido da gefen zani. "Kuma ki bi ta gefe, kar ki take masa ƙafa."