Ƙaryata Ce Ta Hana A Sauko Da Ni

Na sha wahala, kuma babu wanda ya ja mini ita sai ni. Edita, ni ba mai dogon karatu ba ne, a firamare na tsaya, don haka zan faɗi abin yadda ya faru kawai. A lokacin ina aikin gyaran fitilun titi a nan Jalingo, ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Ɗaki ɗaya nake haya a unguwar Sintali, ni kaɗai, iyalina suna can wajen garin Mutum Biyu, sai jefi-jefi nake leƙa su. Ba ni da aboki, ban kuma nema ba. Mutumin da ya koya mini aikin wuta tun ina saurayi, duk sanda aka zo wurin haɗi mai wuya sai ya aike ni sayen goro, kafin in dawo ya gama ya rufe akwatin wayoyin. Ɗan abin da na iya, da ido na sace shi. Shi ya sa na tashi da tunanin cewa sana'a ba a ba da ita, wanda ka koya wa yau shi zai ture ka gobe.

Shekara da shekaru da tsani da igiya muke hawa, sai maigidanmu ya sayo mota mai kwando, irin wadda mutum ke shiga, dogon hannunta ya ɗaga shi har kan falwaya. Waɗanda suka sayar masa suka ce sai an tura mutum an horar da shi, an ba shi katin izini, kafin a fara aiki da ita. Mutum ɗaya maigida ya yarda ya tura. Mu biyu ne manya a wurin, ni da wani ɗan Mumuye da ya ɗan girme ni, wanda muka daɗe muna riƙe wa juna tsani. Aka zaɓe ni don na fi shi gane rubutu. Bai nuna komai ba, ya dai ce in na dawo kada in manta da tsarabarsa, ba ta biredi ba, ta abin da aka koya mini.

A wurin horon an koya mana ɗaura bel mai hana faɗowa, da duba ƙasa kafin a kafa ƙafafun motar, da nisantar wayar wuta, da haƙura in iska ta taso. Amma abin da malamin ya fi nanatawa har muka gaji da ji shi ne, wannan mota ta mutum biyu ce, na ƙasa shi ke riƙe da ran na sama. Ya nuna mana wani ɗan mariƙi mai jan fenti a gefen motar. In inji ya mutu, ko na cikin kwando ya kasa taimakon kansa, shi ake ja, kwandon ya sauko a hankali. Ya sa kowa ya ja da hannunsa. Ya ce ranar da muka koma, kafin mu nuna wa kowa kati, mu nuna musu wannan.

Na dawo na nuna kati. 'Yan aiki suka sa mini suna Oga Mai Kati, ina jin daɗi ina ɓoyewa. Da abokin aikin nawa ya zo karɓar tsarabarsa, yana zagaya motar yana tambaya, sai hannunsa ya kai kan jan mariƙin. Na ga in ya san wannan, gobe zai san wancan, jibi maigida ya gane ba sai da ni ba. Sai na daka masa tsawa, na ce duk wanda ya ja wannan da mutum a sama, hannun motar zai faɗo gaba ɗaya, motar ta kife kan wanda ya ja. Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Washegari na tarar ya sayo baƙin salatif ya naɗe mariƙin tam, wai kada rigar wani ta sarƙe shi ina sama. Ya kuma tara sauran ya ja musu kunne. Na gani, na bar su a haka. Akwatin maɓallan sarrafa kwandon daga ƙasa ma na kulle, makullin kullum a aljihuna.

Gaskiya ina son zaman sama. Daga can kana ganin duwatsun da suka kewaye garin da rufin kwano yana walƙiya, babu mai yi maka magana. In an tashi cin abinci su zauna a inuwa su ci kwano ɗaya suna zolayar juna, ni in ci nawa a cikin mota. Na ɗauka girma ne.

Wata rana da bazara, bayan azahar, aka tura mu wani fili ta wajen Barade, akwai doguwar fitila da ta daɗe a mace. Na hau, na kwance murfinta, ashe ƙudan zuma sun yi gida a ciki. Ban ga fitowarsu ba, ji kawai na yi fuskata ta kama wuta. Ina kaɗe-kaɗe gwiwar hannuna ta bugi maɓallin kashe inji, motar ta yi tsit. Na durƙusa a cikin kwandon na ja riga na rufe kai, suna bina ta wuya, ta kunne, ta cikin hular kwano. Bel ɗin da na ɗaura ne ya hana ni dirowa, don na yi niyya. Kafin wani lokaci idanuna sun rufe ruf, yatsuna sun kumbura ba na gane wane maɓalli ne wane.

Abokin aikin nawa a ƙauyen kan dutse ya tashi, ya san cirar zuma. Ya haɗa wuta da tsumma da ɗanyen ganyen mangwaro a gindin falwayar, hayaƙi ya taso, ƙudan suka ragu. Amma saukowa fa? Tsaninmu bai kai rabi ba. Wayar maigida ba ta shiga. Ina jin mutane sun taru, masu keke, mata masu sayar da abinci, kowa da shawararsa, ni kuma maƙogwarona yana ƙara tsukewa, numfashi sai na jawo shi da ƙarfi. Na tattara abin da ya rage mini na murya na ce wa abokin aikin nawa ya ja jan mariƙin. Ya amsa daga ƙasa cewa oga, shi ba zai kashe ni da hannunsa ba. Sai na ji yana yi wa jama'a bayani, maganata ce sak, yadda hannun zai faɗo, yadda motar za ta kife. Suka ce gaskiya ne, kada ya taɓa, dafi ne ya hau mini kai, abin da na faɗa ina cikin hankalina shi za a bi, ai ni ne mai kati.

Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokaci ba. Ga mutane cike da fili, ina jin har tarin wasu, amma ni na gina katangar da ke tsakaninmu, kuma na gina ta da kyau. Dole na faɗa a gaban kowa cewa ƙarya na yi masa, na rantse da Allah. Wani ya yi 'yar dariya. Sai abokin nawa ya tambaye ni, a hankali, wace ce ƙaryar, ta da ko ta yanzu.

Na ji ya kori kowa ya ce su ja da baya sosai. Na ji yana addu'a da yarensu, sannan ƙarar yage salatif. Kwandon ya sauko a hankali, yadda uwa ke sauke goyon da ya yi barci.

Na yi kwanaki a asibiti. Ban aika gida ba don kunya, daga wurin aiki kuwa ba wanda ya leƙo sai shi, sau ɗaya. Ya kawo kunu a jarka ya ajiye, ya ƙi zama a bakin gado, ya tsaya a ƙofa. Ya ce rowar ilimi ba ta dame shi ba, ya saba gani. Abin da ba zai manta ba shi ne na sa ya ɗora hannu a kan ƙarfen nan yana ganin zai kashe ni ya kashe kansa, ga yara a gida. Ya ce ya samu aiki wurin wasu masu tsani, can zai koma, tsani ko banza ka san wanda ya riƙe maka. Ya yi mini fatan sauƙi ya tafi. Har yau in mun haɗu a kasuwa muna gaisawa, gaisuwa kawai.

Shi ya sa nake kira ga duk mai hawa irin wannan mota, da masu gidan da ke sayen ta. Ku je horo, ku karɓi kati, wannan dole ne. Amma kati a aljihun na sama ba ya sauko da kowa. Ku horar da na ƙasa, ku nuna masa komai, ko da kuna ganin gobe zai fi ku. Gara ya ture ka daga aiki da ya tsaya yana kallonka kana mutuwa don ya yarda da kai.

Ranar da aka sallame ni na kwana a ɗakina. Da gari ya waye na riga kowa zuwa wurin ajiye motar, na ɓare sauran salatif ɗin da farce, na buɗe akwatin ƙasa na bar makullin a jiki. Da 'yan aiki suka iso na nuna musu mariƙin, suka tsaya nesa suna kallona, babu wanda ya matso. Sai na ɗaura bel, na shiga kwandon, na ɗaga kaina har ƙarshen hannun motar, na kashe inji, na zauna ina jiran su sauko da ni.