Itacen Jego a Hawa na Shida

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi mata wanka, amma tawa ta same ni a Guangzhou, a hawa na shida na wani tsohon bene da ke bayan unguwar Xiaobei, farkon shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik. Tun cikin yana wata bakwai ake bugo waya daga Kano wai in tattaro in taho gida. Maigidana ya dage, ni ma a raina ba na son tafiya, don ana ta raɗe-raɗin za a tsaurara biza saboda wasannin, wanda ya fita bai san ranar komowa ba. Da ƙyar aka daidaita a kan za a turo Goggo, ƙanwar babana, ta yi min wankan jego a nan. Sharaɗin ɗaya ne: ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in. In ya gagara, ta taho da ni da abin da na haifa.

A Kano itacen jego a wuyan miji yake, kuma ana kallon tulin da ya sauke a ƙofar gida a san irin mijin da yarinya ta samu. To a Guangzhou ina za ka hura itace a saman bene? Maigidana kuwa sana'arsa ke nan, sayen farantan sola yana aikawa gida, yana da ɗan shago a ginin Tianxiu. Sai ya ga dama ta samu. Ya sayo wani inji da ake yayi a lokacin, dogon tanki da akwati mai fanka a gefe, wai yana zuƙo ɗumin da ke cikin iska ya zuba shi a ruwa, wutar da yake ci kaɗan ce. Aka girke shi a barandar bayan kicin. Ya hau da farantai huɗu kan rufi, ya jera batura a ƙarƙashin teburin cin abinci, har ba mu da wurin miƙe ƙafa.

Na ce masa, "Alhaji, ga soket a bango, me zai hana a haɗa shi da wutar gidan?"

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya manta asalinsa. "Ke da kika tashi a Kano za ki ɗora wankan jegonki a kan wutar lantarki? Ranar da aka ɗauke ta fa?"

Na tuna masa shekara biyu muna gidan, ko ƙiftawa ba ta taɓa yi ba. Ya ce lokacinta ne bai yi ba. Rana kuwa, in ji shi, tun yana yaro bai taɓa ganin ta yi fashi ba. Ya sa mai gyara ya haɗa injin da baturan kaɗai, ya kuma bugo wa surukansa ya shaida musu cewa itacensa daga sama zai riƙa saukowa. Tsohuwar da ke da gidan ta hau rufin ta ga aikin, ta nuna sama da yatsa ta ce "meyo", wato babu. Ya yi mata dariya, ya ce mata ta bari ta gani.

Abin da bai lissafa ba shi ne sanyin can ba irin namu ba ne. Namu in ya gama cin mutum da safe, da hantsi rana ta fito kowa ya nemi bakin katanga. Na can da yayyafi yake zuwa, sama ta yi toka-toka ta zauna a haka. A shekarar kuma har 'yan garin cewa suke sun daɗe ba su ga irinsa ba. A cikinsa na haifi 'yata, a cikinsa Goggo ta sauka da jaka cike da busasshen ganyen darbejiya da kanwa da gero, tana sanye da rigar sanyi biyu da safar maza.

Goggo ba ta da ma'auni sai gwiwar hannunta. Kwana uku na farko baturan na da sauran ƙarfi, ta tsoma ta ce ba laifi. Rana ta huɗu ta tsoma ta daɗe ba ta cire ba. Ta biyar ko ganyen ba ta jiƙa ba, ta sa aka kira maigidana, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ɗan nan, wannan ruwan alwala ne," ta ce. "Ni ba a aiko ni in kashe musu 'ya da sanyi ba. In gobe haka ne, da takardun jaririya sun fito za mu kama hanya."

Ya ce, "In sha Allahu Goggo, gobe za ki gani." Ni dai ina kan gado na juya fuska bango, haushinsa ya cika ni, ga tsoro. Na san in na tafi, yarinyar nan sai ta yi wayo kafin ta san fuskar ubanta, duk saboda taurin kai a kan soket.

Washegari sai ga ruwa yana tururi. Ya shigo da bokiti biyu ya ajiye, ya ce ai rana ko tana bayan gajimare aikinta take yi. Ya kuma kafa doka cewa shi kaɗai zai riƙa tarar ruwan, don injin yana da laulayi, kuma kada a buɗe ƙofar kicin in yana ciki, iska tana rage masa ƙarfi. Goggo ta tsoma gwiwar hannu ta fizge da sauri. Ranar na sha fyaɗar ganye har na ga taurari, kuma ban taɓa jin daɗin azaba irin ta ranar ba.

Haka aka yi ta yi. Da an idar da asuba, Goggo na kan lazimi, sai ya shige kicin ya rufe. Kafin la'asar ya kulle shago ya hawo benen nan shida yana haki, ya sake shigewa. Ta taga kuwa babu abin da ya canza, yayyafi ne dai a kan rufin maƙwabta.

Sai a kwana na goma sha biyu na gane. Na fito neman kofi, na tura ƙofar da aka hana buɗewa. Ga injin can a baranda shiru, fankarsa ko motsi ba ta yi. Ga maigidana tsugune a tsakiyar butocin shayi na lantarki guda biyar, duk ya jona su a bango, a wutar nan da ya ce ba ta da amana. Aro ya yi daga maƙwabtansa na shago, ɗaya ma ta wani mutumin Nijar ce, an ɗaure marfinta da waya. Wannan ta tafasa ya juye a bokiti ya sake cikawa, waccan ta ɗauka. Muka kalli juna. Na ce, "Alhaji, wace ce ranar a cikinsu?" Ya ce in rufa masa asiri in koma ɗaki kada iska ta buge ni. Na koma ina dariya, ɗinkin haihuwa yana ja na, sai kuma na ji hawaye.

Ban tona ba. Bayan kwana uku mai marfin wayar nan ta kuɓuce masa, ruwan ya sauka a bayan hannunsa. Bai yi ƙara ba. Ya kawo bokitin da hannun hagu, na dama yana cikin aljihun jallabiya. Goggo ta ce ya fito da shi. Ya yi kamar bai ji ba, ta maimaita. Fatar ta tashi ta yi bororo tun daga wuyan hannu har gindin yatsu.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Tun ranar farko na sani. Shekara talatin ina yi wa mata wanka, ban taɓa jin ruwan jego yana ƙamshin shayi da citta ba sai a gidanka."

Ya sunkuyar da kai. Ta sa ya zauna a kujera, abin da bai taɓa yi a gabanta ba, ta ɗauko man kaɗanya daga jakarta ta miƙo min in shafa masa. Ta ce gobe ya kira mai gyara a haɗa injin da bango kamar yadda masu hankali suke yi, a mayar wa mutane butocinsu, a bar ɗaya don ƙari, don ita har yanzu ba ta yarda ruwan inji zai kai yadda take so ba. Farantan kuwa ta ce kada ya jefar, ya sa mata su a kaya, a Kano akwai ranar da za ta ishe su.

Da yamma aka bugo daga gida, kamar kullum, ana tambayar ko a fara gyara min ɗaki. Ina jin muryar babata ta cikin wayar. Goggo ta gyara zama, ta dubi hannun da ke naɗe da tsumma, ta ce, "Ku bar ɗakin nan. Yaron ya sauke itace, na gani da idona. A nan za ta yi arba'in."