Tagumi Ya Nemi Masauki

Kakata Inna Delu ba ta taɓa kiran sunan babana ba, ko da suɓutar baki. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa ta riƙe kunyar mutanen da da hannu biyu. In tana son magana da shi sai ta dubi bango ta ce, "A gaya ma mai garka abu kaza," alhali yana tsaye taku uku daga inda take. Mu jikoki kam babu kunya tsakaninmu da ita. Ni Rabi ta fi tsokana, balbela take kirana saboda siraran ƙafafuna.

Gidanmu a Madarumfa bai da nisa da tabki, shi ya sa sauro ya ɗauke mu danginsa. Da an idar da sallar magariba Inna za ta watsa ɗanyen ganye a wuta don hayaƙi, mu zagaye ta, ido na hawaye, kunne a buɗe. Danga ɗaya ce ta raba wurin da rumfar da Baba yake zama.

Ina shekara tara, a farkon shekarun saba'in, ruwan sama ya yi mana rowa. Sau biyu Baba ya shuka gero, sau biyu rana ta ƙone shi. Ni ce mai kai masa akushi, don haka na riga kowa sanin halin da ake ciki: yadda na kai tuwon haka nake dawowa da shi. Goro, taba da shayi mai ɗaci, su ya mayar abinci. Barci ya gagare shi, ya rame. Mutumin da ke ɗaga ni sama yana dariya ya koma mai tsawa, har ƙanena Sani ya sha faɗa don kawai ya yi waƙa. Wallahi tsoronsa na riƙa ji, kuma abin ya yi mini ciwo.

Sai wata Litinin ya ce zai sayar da garkarmu ta bakin tabki, lambun da ya gada, mu tattara mu tsallaka Najeriya. Mai saye zai zo daga Safo ranar Juma'a. Inna kuwa ta riga ta ce ƙafarta ba za ta bar garin da aka binne mijinta ba. Ko ni yarinya na gane lissafin: in garka ta tafi, mun rabu da Inna. Ga shi ba ta da bakin da za ta zaunar da shi ta yi masa faɗa.

Da yammar Talata ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan tahe, ku buɗe mata hanya."

"Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma!"

Wai an yi wani manomi, shekara ta juya masa baya. Yana zaune ƙofar gida sai ga ɗan baƙo, bai fi ɗan tsako ba, rataye da ganga. Ya ce sunansa Tagumi, masauki yake nema, kuma shi ba ya kwana sai a ɗakin da babu kowa. Ya leƙa ɗakin matar gida, da mutane. Ya leƙa akurki, da kaji. Da manomi ya yi hamma sai ya hango cikinsa fayau, ko loma babu. Tsulum, ya faɗa.

"Kun san ɗakin da babu kaya," in ji Inna, "ko tari anka yi sai ya amsa. To bare ganga!"

Tagumi ya kama kiɗa ba dare ba rana. Matar manomi ta yi magana, bai ji. 'Ya'yansa su yi dariya, ya ɗauka zaginsa suke. Ya jefa goro ciki ko baƙon zai yi shiru, ashe goro ne tukuicin makaɗi, sai kiɗa ya ƙara zafi. Ya bi da shayi, Tagumi ya miƙe da rawa. Har dai manomi ya ɗaura niyyar barin gari, ya manta mai gangar a cikinsa zai bi shi.

A bakin hanya ya gamu da wata tsohuwa. Ta ce kada ya wahal da kansa da kora, ya dai cika ɗakin da mutanen kirki. Wake ya shiga ya baje tabarma. Zogale ya shiga da 'ya'yansa. Tarwaɗa ta shiga ta miƙe ƙafa, ita da ba ta da ƙafa, nan muka fashe da dariya. Fura da nono suka zo ƙarshe suka tokare ƙofa. Tagumi ya matse a lungu, ko hannun ɗaga makaɗi ya rasa. A ranar manomi ya yi barci, da ya farka ya ji muryar iyalinsa, ya ji tasa shawarar.

Na ce, "Inna, mi ya hana a kore shi gaba ɗai?"

"Ke balbela, Tagumi bai barin gari. Wuri dai ake hana mai. Ƙurunƙus, kan tarwaɗa, mai jin yunwa ya suɗe."

Bayan danga tsit, ko tarin Baba ba mu ji ba. Inna ta jawo akushi daga bayanta. Ashe yini ta yi tana haɗa shi: wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, busasshiyar tarwaɗa, ga 'yar ƙwaryar fura da nono.

"Tashi ki kai ma mutumin bayan dangan ga. Kada ki ce ni na aiko."

Na kai, na ajiye a gabansa. Baba ya daɗe yana kallon akushin. Ya buɗe, ya yi bisimilla, ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu. Can ya ɗago ya ce, "Ke, tsayuwar mi kike? Jira kike ki ga tarwaɗa ta miƙe ƙahwa?" Rabona da jin wasa a bakinsa an fi wata biyu. Na dawo da akushi kife a kaina. Inna ko murmushi ba ta yi ba, cewa ta yi in wanke shi, gobe ma da aiki.

Kwana uku tana aikawa, yana cinyewa. Ranar Alhamis ya koma barci bayan asuba har hantsi ya dubi ludayi, aka hana mu ko motsi. Juma'a mutumin Safo ya iso. Baba ya ba shi ruwa, ya ce, "Ka yi haƙuri, na sake shawara." Washegari ya ɗauki Sani da magirbi suka ƙara wa rijiyar garka zurfi. Ba zan ce wake ne ya sauko da ruwan sama ba, shekarar ta yi wuya har ƙarshenta. Amma albasa da zogalen garkar nan su suka riƙe mu, kuma a gidanmu muka ci su, da Inna a gefe.

Na girma na yi aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, na yi nawa zaman da Tagumi. Na san ranakun da nake wuni a kan kofi da gutsuren burodi, in dawo ina huce haushi a kan yara. Duk sanda na ji gangar nan, tukunya nake fara ɗorawa kafin in yanke wata shawara, kuma ban taɓa yin nadama ba. Matsalar tana nan bayan na ci, amma sai in same ta daidai girmanta.

Shekara biyar bayan farin nan ƙanwar Inna ta rasu, Inna ta juya wa abinci baya. Kwana biyu ana lallashi ta ƙi. Da magariba sai ga Baba da ƙwaryar fura, shi ya dama da hannunsa. Ya tsaya bayan danga, ya dubi bango, ya ɗaga murya.

"Rabi, a tambayi tsohuwar gidan ga, ko ita ma ɗakinta babu kowa ne?"

Inna ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta miƙo hannu ta ce, "A gaya ma mai garka ya cika surutu. Kawo ludayin."