Keken da Baba Yake Yi wa Magana

Har yau in na bi ta bakin tashar Magariya na ji warin sholisho daga rumfar masu facin taya, sai ƙafata ta yi nauyi. Mutane suna toshe hanci su wuce. Ni kuwa tsayawa nake yi kamar wadda aka kira, domin warin nan shi ne warin hannun Baba a duk yarintata.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. In a birni ka tashi, bari in gaya maka abin da wannan yake nufi a ƙauyenmu da ke bayan Kwaya. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayarsa ko ya ci abinci. Ƙannena suna hawa cinyar Baba suna ja masa gemu, ni kuwa "waccan" ce. A ce wa waccan ta kawo buta, a ce wa waccan ta kori awaki. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya san haka. Amma sanin manya ba ya hana yarinya kuka a bayan rumbu.

Ina da ɗan wayo keken ya shigo gidanmu. Wani bature ne na furoje da ya zo aikin rijiyoyi ya bar shi da zai koma ƙasarsu, Baba ya ba da tunkiya da 'ya'yanta ya karɓa. Ba irin dogon baƙin keken nan na 'yan kasuwa ba ne. Gajere ne, kore, ƙahonsa a miƙe kamar sanda, tayoyinsa masu kauri da ƙuraje kamar bayan kada. An ce don hawan duwatsu aka ƙera shi. Mu ba mu da dutse, rairayi gare mu, amma inda sauran kekuna suke nutsewa har mai su ya sauka ya tura, wannan sai ya taka ya wuce. Baba yana ce masa Tsohuwa, yana yi masa magana kamar yadda ake yi wa mace.

Da damina, in gero ya kai gwiwa, zabi sun fara ƙwai, Baba yakan bi rugage da gidajen gari ya tara ƙwan ya kai Magariya, inda 'yan kasuwar tsallaken iyaka suke saye. Hanyar rabi rairayi ce, rabi jan burji mai gargada, keken kuwa ƙarfe ne tsura, duk abin da taya ta taka sai ka ji shi a haƙoranka. A tafiyar farko ƙwai da yawa suka fashe. Baba ya dawo ya zauna gindin darni yana kallon keken. Washegari ya sassaƙa katakon aduwa, ya yanka tsohuwar robar cikin taya siri-siri, ya ninninka ta a ƙarƙashin katakon, ya ɗaure bisa mazaunin baya. In ka zauna a kai sai ya lotsa ya taso a hankali. Aka cika masaki da ƙaiƙayi aka binne ƙwan a ciki. Saura hannun da zai rungume masakin, kuma ni ce babba. Aka ce wa waccan ta hau.

Muna wuce rumbun ƙarshe na gari, inda babu kunnen kowa, sai na ji Baba ya ce, "Tsohuwa, kin karya kuwa da safen nan?" Na ɗauka da keken yake. Muka isa wata tsamiya ya tsaya, ya kwance ƙullin ƙuli-ƙuli ya ajiye bisa katakon, ya juya min baya yana duba tayar da babu abin da ya same ta. Bai juyo ba sai da ya ji na gama tauna.

Haka muka yi damina bayan damina. Yakan gargaɗi Tsohuwa ta riƙe da kyau ga rami nan tafe. Yakan tambaye ta ko rana ta dame ta. Yakan gaya mata sunayen itatuwa, da gonar wane ce ta yi kyau, da dalilin da ya sa. Sau ɗaya na yi wauta na amsa da baki, na ce na ƙoshi. Shiru ya yi har Magariya, shiru har gida. Daga ranar na gane ƙa'idar abin. In ya yi tambaya, sai in ƙwanƙwasa gefen katakon da dunduniyata. Har wurin ya yi ɗan kwari, ya yi santsi.

Ina iya rufe ido yanzu in ga bayan rigarsa jiƙe da gumi, in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kukan sarƙar keken, ƙiiƙi, ƙiiƙi, wanda Inna take ji tun daga nesa ta ɗora ruwa. Damina ta ƙarshe kafin a kai ni gidan miji wajen Sassumbrum, muna dawowa da masaki wayam, ya rage gudu ya ce, "Tsohuwa, inda za ki akwai gargada. Kada ki yarda a ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki. In sarƙa ta tsinke, kin san hanyar gida." Na ƙwanƙwasa katakon har dunduniyata ta yi zafi. Wannan ce duk nasihar auren da ya yi min, kuma ta ishe ni.

Shekaru suka tura. Duk lokacin da na zo ganin gida, bayan gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu, Baba yakan jawo keken kusa da tabarmarsa ya ɗauki tsumma yana gogewa. Sai ya tambayi Tsohuwa lafiyar yara, ko geron bana zai kai, ko ana kyautata mata. Ni ina zaune gefe ina tsince wake, in miƙa hannu in buga katakon. Keken ya tsufa tare da shi. Baduku ya rufe sirdin da fatar akuya. Birkin da waya aka ɗaure shi. Robar da ya naɗe ƙahon da ita ta ɗauki sawun yatsunsa, har in wani ya kama sai ya ji kamar ya sa takalmin da ba nasa ba.

Nawa ɗan farin, da na yaye shi, hannun Inna da Baba aka kai shi kamar yadda ake yi. A can ya girma, shi ya sa Yaya yake ce min. Shi da Baba kuwa abokan wasa ne, irin wasan jika da kaka da babu zagin da ba ya halatta. Yana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, Baba yana ce masa ja'iri, kullum suna faɗa a kan wane ne mijin Inna na gaske. Ya girma ya tafi Damagaram yana gyaran salula. A lokacin bayan Baba ya riƙe, idonsa ya yi hazo, ya daina hawa keken, sai gogewa.

Yaron nan da zuciya ɗaya ya yi abin da ya yi, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Ya gani a cikin salula yadda ake sabunta irin waɗannan tsofaffin kekuna, ana sa musu amortisa, wato ƙarfe mai lotsawa da ke shanye gargada. Ya ce in aka sa wa na Baba, tsoho zai sake hawa ba ciwon baya, ya je masallacin Juma'a da kansa. Da ya zo lokacin kaka ya kama ƙahon zai fita da shi, Baba ya ce, "Kada ka taɓa min Tsohuwa, ja'iri." Gida ya ɗauki dariya. Yaron ya ce Baba ya riƙe tsohuwarsa da ke cikin ɗaki, wannan dai an ƙwace. Baba ya sake faɗa, har da ɗaga murya, dariya ta ƙaru. Duk abin da kaka ya faɗa wa jika wasa ne, to ta ina zai nuna wannan ba wasa ba ce? Kuma ba zai iya aika min ba. Me zai ce a gaya wa waccan?

Ina can ina fama da roron gyaɗa, ban ji labari ba sai da na zo bayan an gama ɗaurin gero. Na tarar an dawo da keken ana ta kallo a tsakar gida. Gaskiya aiki ya yi kyau. An cire ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe tayar gaba an sa mai amortisa, in ka danna ƙaho sai ya nutse ya taso. An sa sabuwar sarƙa da bitas, wato giyar canza gudu, an sa birki mai faranti, sirdi mai laushi kamar burodi. An fente shi baƙi. A baya an ɗaura sabon mazauni na ƙarfe, babu katako. Yaron ya hau ya zaga gida, ko motsin sarƙa ba ka ji.

Aka turo shi gaban Baba. Ya miƙa hannu ya shafa ƙahon, ya shafa sirdin, hannun ya tafi baya ya yi ta lalube bisa ƙarfen. Ya daɗe. Sannan ya janye hannunsa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Bai ce ja'iri ba. A nan dariyar gidan ta mutu, ko da yake ba su san me ya kashe ta ba.

Na kwana biyu a gida. Baba bai ɗauki tsumma ba, bai tambayi kowa lafiyar kowa ba. Na koma waccan, da furfurata.

Duk yankinmu an san bakina. Na taɓa tsayar da mai awon gyaɗa tsakiyar kasuwa na wanke shi tas, na taɓa korar dangin miji daga ɗakina da muciya. Amma mutum ɗaya ne a duniya harshena ba ya iya taɓawa, shi ne wanda ya yi wannan aiki. Ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in zaunar da shi in ce ga abin da ka cire. Sai na hau kabu-kabu na nufi Magariya wajen mai gyaran da yaron ya kai wa keken, na sauke masa duk abin da ke cikina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in yi haƙuri, ƙarafan ruɓaɓɓu ne, 'yan gwangwan sun kwashe, yanzu sun tsallaka iyaka. Sirdin fatar ma yara sun yi ƙwallo da shi. Ina juyowa zan tafi sai na ga abin da ya ɗora tukunyar shayinsa a kai. Katakon ne, ya sha baƙin mai, gefe ɗaya ya tsage, guntun roba na reto a jikinsa. Ban tambaye shi ba. Na sauke tukunyar ƙasa na ɗauki abina.

Da la'asar na iso. Baba yana kan tabarma, keken yana jingine can nesa da shi. Na durƙusa na ajiye katakon kusa da gwiwarsa. Ya taɓa, ya ɗauka, ya bi gefen da babban yatsa har ya sami ɗan kwarin nan mai santsi. Ya tsaya a wurin.

"Ashe kin dawo, Tsohuwa," in ji shi. "Kin sha hanya." Sai ya juya wajen ɗakin Inna ya ce, "Ku ba ta ruwa."

Na miƙa hannu na ƙwanƙwasa katakon. Wannan ce magana ta ƙarshe da muka yi. Kafin zabi su sake ƙwai an binne shi, bai taɓa hawa sabon keken ba.

Yanzu a faifan kwali ake jera ƙwan zabi, a ɗaure bayan moto, wato babur, kafin rana ta yi zafi an kai. 'Ya'yan ƙannena suna kiran 'ya'yansu na fari da suna gatsal, suna sa hotonsu a fuskar salula. A da nakan ce rashin kunya ne. Yanzu ban sani ba. Na shiga makarantar yaƙi da jahilci da jikoki a bayana, na iya rubuta sunana, kuma duk sanda na rubuta sai in tuna ban san yadda yake fita a bakin wanda ya raɗa min shi ba. Katakon yana ƙarƙashin gadona.

Keken yana hannun ɗana. Kwanan baya ya ɗoro shi a mota ya zo da shi, ya yini a wurina. Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa, abin da ban saba ba. Ya ɗora ƙafa zai hau, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na dubi tayar baya na ce, "Ke, hanyar nan akwai gargada. A bi a hankali."

Ya sunkuya ya matsa tayar ya ji iska, ya danna ƙahon ya nutse ya taso. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai wannan ba ya jin gargada yanzu." Ya hau ya tafi. Na tsaya ina sauraro, ko ƙiiƙi ɗaya babu.