Yadda Na Koyi Sassauta Hannu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kokowa, daga filin Buza har Tawa, kafin kafaɗata ta dama ta goce. Wata ma'aikaciyar motsa gaɓɓai ce ta gyara ni a likitar Madawa, wato asibitin garin. Kowa Madam yake ce mata. Da na warke na ji za ta horar da mutum takwas aikin gwajin tsoka, sai na kai sunana. Ni ne babba a ajin, ni ne kuma mai ƙaramin karatu, don a aji shida na bar lakwal.

Aikin a ido ba wuya. Maras lafiya ya ɗaga hannu ko ƙafa, ka ce ya riƙe, ka danna, ka ba tsokar maki daga sifili zuwa biyar. Ranar farko aka haɗa ni da wani ɗan Dewule, ƙato, manomi. Na danna hannunsa ya faɗi. Na danna ƙafarsa ta faɗi. Na rubuta masa biyu.

Madam ta duba takardar ta ce, “Wanga mutum buhun albasa yaka ɗauka shi kaɗai. Kai ne ba ka iya ba. Nan ba a kada kowa.”

’Yan aji suka yi dariya. Ban yi ba. Hannuna ya saba da abu guda: in ya ji an turje masa, ya ƙara ƙarfi. A jarrabawar wata na biyu na faɗi. Mutum biyu suka faɗi tare da ni, suka koma gida. Ni na je na sami Madam na ce ba ni tafiya.

Ta ce in nemi sikeli. Ranar kasuwar Bangi na sayo wani tsoho wajen mai awon gyaɗa. Kullum bayan sallar asuba in ɗora yatsu biyu a kai, in rufe ido, in danna abin da nake jin kilo ɗaya ne, in buɗe. Satin farko allurar kan wuce huɗu. Matata ta ba da hannunta na gwada har ta gaji, ta ce in koma kan maƙwabta. Na koma kansu. Sunayen tsokoki na Faransanci kuwa, na rubuta su da ajami a bangon ɗaki, ina bita ina tauna goro.

Kusan ƙarshen horon aka kawo wata tsohuwa daga wajen Keita, wadda ta yi shekaru tana jera duwatsun tare ruwa a gonaki. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Madam ta gwada ta cikin sauri, don layi ya yi tsawo, ta rubuta wa wuyan hannun sifili a takarda, ta ce in sake don in koya.

Na ce, “Inna, ki yi kamar za ki ɗaga yatsunki.”

Ta ce, “Ɗana, ba su jin magana.”

“Ki dai gwada.”

Ban danna ba. Na aza yatsuna a bayan hannunta, ƙasa da gwiwar hannu, na jira. Can sai na ji wani ɗan motsi ƙarƙashin fata, ya zo ya ɓace. Na ce ta sake. Ya dawo.

Na ce, “Madam, ɗaya ne, ba sifili ba.”

Ta dube ni. Na maimaita. Ta zo ta aza nata yatsun, ta daɗe, sannan ta soke sifilin da bironta. Ba ta yaba mini ba. Ta ce tunda ni na gano, ni zan riƙa yi wa tsohuwar motsa hannu sau uku a sati.

Wata huɗu muka yi. Hannun bai koma daidai ba, amma ranar da ’yarta ta zo ɗaukarta, da shi ta riƙe ƙwaryar furarta, ɗayan yana tallafe da gindin.